Miliyan Biyun Orval a Tsakiyar Kogi

A garin Cobb Landing babu wanda bai san Orval Tackett ba, don shi ba ya bari a manta da shi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu gida-gida. Ya yi ritaya tun shekara uku, amma har yau robobin ɗaure wasiƙa na nan jere a wuyan hannunsa kamar warwaro. Ka ce masa ina kwana, kafin ka rufe baki ya gaya maka yawan karnukan da suka cije shi a bakin aiki, da yadda ko sau ɗaya bai yar da wasiƙa ba. Bara karnukan bakwai ne. Bana sun kai sha biyu.

Abu biyu yake ƙauna a duniya, bakinsa da kwale-kwalensa. Matarsa Maxine ita ce ta uku, kuma ta sani.

Shekara biyar da suka wuce Orval ya leƙa wani gidan caca, wai don ya sha sanyin na'ura, ya fito babu kuɗin gyaran rufin gida. Maxine ba ta yi ihu ba. Littafi Mai Tsarki ta ɗauko ta ajiye a teburin kicin, ta sa ya dafa.

"Ranar da ka sake yin caca, ko ta sisi ce, kwale-kwalen nan ya zama na Purvis."

Purvis ƙaninta ne, siriri mai dogon wuya. Tun daga ranar duk Lahadi sai ya zo cin abinci, ya zagaya bayan gida ya shafa kwale-kwalen, ya ce, "Kula min da shi da kyau, mijin Yaya."

To, shi ke nan, sai ga wata safiyar Litinin. Orval ya faɗo gidan abincin Bernadine, inda tsofaffin garin ke shan kofi, ya dangwara wayarsa a tebur. A fuskar wayar ga wani kunkuru sanye da hula yana kashe ido ɗaya.

"Jama'a, ku gaisa da mai gidana. Kunkuru Mai Sa'a."

Purvis ya miƙo wuya. Ya ga hotunan 'ya'yan itatuwa na juyawa irin na injin caca, ya ji ƙararrawa. Ya ajiye cokalinsa a hankali.

"Bernadine, ara min biro. Zan rubuta sabon sunan da zan sa wa kwale-kwalena."

"Zauna, jahili," in ji Orval. "Wannan ba caca ba ce. Ita caca a wajen doka sai ta haɗa abu uku: ka biya, sa'a ta yanke hukunci, a ba ka kyauta. Cire biya, me ya rage?"

"Kai da wautarka," in ji Bernadine, tana zuba kofi.

"Saurara mana, mace. Kwabbai iri biyu ne a ciki. Akwai na zinariya, akwai kore. Koren su ake canzawa su zama dala. Kuma dole ne su ba da koren kyauta ga duk wanda ya rubuto musu wasiƙa da hannunsa. In ba su yi haka ba, sun zama gidan caca, a rufe su. Wasiƙa! Ku dube ni da kyau. A duk faɗin ƙasar nan wa ya fi ni sanin wasiƙa?"

Babu wanda ya amsa, don sun san in an amsa karnukan za su dawo.

"Kati dubu zan rubuta. Kafin ranar gasar kamun tarwaɗa zan ɗora wa kwale-kwalena sabon inji, irin wanda in ya tashi sai hulunanku sun faɗi. Kai kuma Purvis, zan ba ka tsohon ka yi ta shafawa."

Da ya isa gida ya yi wa Maxine wannan bayani, da zane a bayan ambulan. Ta saurare shi tana feraye dankali.

"Ka biya su wani abu?"

"Ko sisi."

"To ka ci gaba da rashin biya."

Ƙa'idar mutanen kunkuru guda huɗu ce: farin kati, shuɗin biro, rubutun hannun mai neman da kansa, kuma kowane kati da ambulan ɗinsa. Orval ya karanta biyun farko ya rufe. Wai shi za a koya wa aika wasiƙa?

Ya zauna a gareji ya fara. Kati na ɗaya rubutu kamar na takardar gayyatar biki. Na ashirin ya ɗan kwanta. Na sittin kamar kaza ta bi ta kan tawada. A na tamanin da uku yatsunsa suka ƙage, suka riƙe biron suka ƙi saki. Haka ya zo cin abincin rana da biro a hannu, yana ɗibar wake da hagu yana zubarwa a riga.

"Me ya sami hannun?" in ji Maxine.

"Motsa jini nake."

Saura kati ɗari tara da sha bakwai. Wani da ya haƙura. Orval kuwa sai ya tuna da matan coci.

Duk Talata suna taruwa a ɗakin ƙasa na cocin, su goma sha ɗaya, suna rubuta wa marasa lafiya katin sannu. Shugabarsu Misis Oglesby, shekararta tamanin da huɗu, ita ta koya wa rabin garin karatu, har da shi Orval ɗin. Maxine ba ta zuwa ranar Talata, tana aiki a kantin magani. Ya shigo da kwali da murmushi har kunne.

"Iyayena, aikin lada na kawo muku."

"Na wa?" in ji Misis Oglesby, ta leƙo ta saman tabarau.

"Na... kunkuru."

"Kunkuru?"

"Ga adireshin nan ku gani. Wata ƙungiya ce. Duk katin da aka aika, ana taimakon kunkuru ɗaya. Waɗanda motoci ke takawa a titi."

Nan take wata ta dafe ƙirji. Ashe ita ma ta taɓa taka ɗaya shekara arba'in da suka wuce, kuma har yau abin na damunta. Aka share tebur. Ya ba su jimlar da za su kwafa da sunansa a ƙasa, ya ce shi ne wakili.

Amma ka ba matan coci farin kati ka ce su tsaya a jimla ɗaya? Wannan ta zana fure. Waccan ta ƙara ayar Zabura. Wata ta ce shuɗi ya yi sanyi, ta ciro jan biro daga jaka. Misis Oglesby kuwa a ƙasan kowane kati sai ta rubuta, "Allah ya ba ka lafiya, ɗan kunkuru, ka riƙa duba hagu da dama."

"Misis Oglesby, wannan ƙarin ba dole ba ne."

"Orval Tackett, ni na koya maka riƙe fensir. Zauna ka ci biskit."

Talata uku aka yi ana wannan aiki. Kati dubu cif.

Sai batun aikawa. A nan ne shekara talatin da ɗaya ta yi aikinta. Orval ya dubi tulin katin, ya tuna ambulan dubu da kan sarki dubu, zuciyarsa ta ce haba. Duka wuri ɗaya za su je! Wane ma'aikacin gidan waya ne mai hankali zai raba abin da ke tafiya gida ɗaya? Ya jera su hamsin-hamsin, ya zare robobi daga hannunsa ya ɗaure kowane ƙunshi, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, yadda aka koya masa tun yana sabon shiga. Ya shirya su a kwali guda, ya manne. Ya ja da baya yana kallon aikinsa, har idonsa ya kawo ruwa.

"Mutanen nan in suka buɗe kwalin nan," ya gaya wa 'yan kofi, "sai sun kira ni sun ba ni aiki."

Kwana goma sha biyu kwalin ya dawo. Da 'yar takarda a sama: kowane kati da ambulan ɗinsa, rubutu na mutum ɗaya, kuma ba sa karɓar addu'a.

Allah ya taimake shi Maxine ba ta gida. Ya rungumi kwalin ya ruga bayan gida, ya cusa shi ƙarƙashin kujerar kwale-kwale, ya rufe da tamfol. Ya zauna a kai yana haki.

Saura mako ɗaya gasa. Ya riga ya gaya wa kowa launin sabon injin.

Wayar ta yi ƙara. Kunkuru ya kashe masa ido: sayi kwabban zinariya, a ba ka kore gyara.

Orval ya duba hagu, ya duba dama. Ya yi wa kansa shari'a a nan zaune, shi ne lauya shi ne alƙali. Ai ba caca zai biya ba. Kwabban zinariya zai saya, kamar yadda mutum ke sayen lemo. Koren kuwa gyara ce, kuma tun da aka kafa duniya ba a taɓa kama mutum don an yi masa gyara ba. Alƙali ya gamsu. Ya ciro katin banki.

Koren suka ƙare kafin kofinsa ya huce. Ya sake saya. Suka ƙare. Ranar Laraba ma haka, ranar Alhamis ma haka. Wajen la'asar ɗin Alhamis, yatsansa ya gaji har bai san maɓallin da yake dannawa ba, sai wayar ta haukace. Ƙararrawa, ganguna, kunkuru ya jefa hularsa sama yana rawa da ƙafa biyu. Lamba ta fito tana walƙiya: miliyan biyu.

Da silifas ɗaya ya isa wurin Bernadine.

"Ku tashi tsaye! Ku tashi ku gaida mai kuɗi!"

Wayar ta zaga hannu-hannu. Wani ya ƙirga sifilin da yatsa, ya sake ƙirgawa. Purvis ya daɗe yana kallo.

"Duk daga wasiƙa?"

"Daga wasiƙa, yaro. Ilimi ke nan."

"To ina kuɗin?" in ji Bernadine.

"Suna ciki."

"Ni ma akwai fanke a cikin buhun fulawa. Fito da su mu gani."

Ya danna wurin cirewa, yana murmushi. Kunkuru ya ɓata fuska. Rubutu ya fito: ba a yin wannan a jiharku.

Orval ya kife wayar da sauri. Ashe tun bazara jiharsu ta hana irin waɗannan wasanni canza kwabo zuwa kuɗi, su kuma mutanen kunkuru suka ci gaba da sayar da na zinariya, tunda shi ba a hana ba. An faɗa a labarai. Lokacin Orval na ba da labarin kare na goma.

"Me ya ce?" in ji Purvis.

"Ya ce... manyan kuɗi sai an yi biki. Ranar Asabar, a bakin kogi, a gaban kowa."

Don dabara ta riga ta faɗo masa. Iyakar jiharsu da ta maƙwabta a tsakiyar kogi take, daidai jan tulun ƙarfen nan da ke yawo a kan ruwa. Can tsallake ba a hana ba. Gada tana da nisa, mota kuma a hannun Maxine take. Amma wa ke buƙatar gada alhali yana da kwale-kwale? Ya wuce tulun da taku biyu, waya ta ga ya canza jiha, shi ke nan.

Asabar ta zo. Duk garin na bakin kogi. Ana suyar kifi, matan coci na sayar da kek don ƙarin taimakon kunkuru, Maxine na zaune a kujerar roba da hular rana. Kowane kwale-kwale an ba shi rediyon oba-oba, wanda in ka danna ka yi magana sai ta fito ta lasifikar da ke kan rumfar awon kifi. Don sanar da babban kamu aka yi shi.

Orval ya fito da farar hular kyaftin da ya saya jiya. Ko ƙugiya bai ɗauko ba. Ya ja igiyar tsohon injin sau tara kafin ya tashi, ya nufi tsakiya yana ɗaga wa mutane hannu. Da ya wuce jan tulun ya ɗauki rediyo.

"Jama'ar Cobb Landing, Orval Tackett ke magana. Ku ajiye abin da ke hannunku."

Yana buƙatar hannu biyu don waya, ga maɓallin rediyo sai an riƙe. Abu mai sauƙi. Ya zaro roba daga wuyan hannu ya naɗe maɓallin, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ya ajiye a kujera.

Ya danna cirewa. Kunkuru ya ce a kira ofis. Ya kira, ya buɗe muryar wayar don kowa ya shaida.

"Barka da rana, Kunkuru Mai Sa'a ke nan," in ji wata mace mai sanyin murya, ta fito tangaran ta lasifika. "Da me zan taimaka?"

"'Yata, miliyan biyuna na zo ɗauka."

Aka ji ƙarar danne-danne.

"Na gani, Mista Tackett. Ina taya ka murna. Kwabban zinariya miliyan biyu."

"Yauwa. Nawa ke nan a dala?"

"Ba a canza na zinariya, ranka ya daɗe. Na nishaɗi ne."

A bakin kogi kowa ya juyo wajen lasifika. Har mai suya ya tsaya da matsami a sama.

"Na me?"

"Na nishaɗi. Koren ne ake canzawa. Kana da guda uku. Sai sun kai ɗari."

"To... to ba ni ukun in gani, na tsallako jiha."

"Adireshin da ke katin shaidarka muke bi, ba inda kake tsaye ba. Amma tunda ka sayi ƙunshin zinariya sau goma sha huɗu a makon nan, ka zama babban baƙonmu. Za mu aiko maka da hula."

"Sau goma sha huɗu!" Wannan muryar ba ta buƙaci lasifika ba. Ta Purvis ce, ta tsallako ruwa da ƙafarta.

Sai a lokacin Orval ya dubi rediyon. Ya yi tsalle ya cafke shi, ya kama kokawa da robar. Ina! Ɗaurin shekara talatin da ɗaya ne, ba ya kwancewa don an ji kunya.

"Ki yi shiru, 'yata, ki yi shiru!"

"Akwai kuma bayani a kan katunanka dubu da muka mayar," in ji matar, ita dai aikinta take yi. "Shugabana ya ce in gaya maka babu wani kunkuru marar lafiya a nan, amma mun gode da addu'a."

A rumfar kek, Misis Oglesby ta cire tabarau a hankali ta ninke.

Injin ya yi tari biyu ya mutu. Orval ya ja igiya da ƙarfin fushi, igiyar ta tsinke, ya tafi da baya ya faɗa kan kujera. Kujera ta ɗaga, tamfol ya zame, kwali ya kife a ruwa. Ya kai hannu zai kama, kwale-kwalen ya karkata, waya ta bi kwali, farar hula ta bi waya. Robobin nan da suka sha rana a ƙarƙashin tamfol suka fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, tas, tas, tas. Katuna suka baje a kan kogi kamar an zazzage gashin kaza, ruwa na kwaso su yana kawowa gaɓa.

Mutane suka shiga tsinta da ragar kifi.

"Wannan furen nawa ne!"

"Ga jan birona!"

Wani ya ɗaga nasa ya karanta da ƙarfi: "Ka riƙa duba hagu da dama!"

Dariya ta ɓarke har wani ya faɗo daga kan akwatin ƙanƙara. Shi kuwa Orval ruwa na tafiya da shi a hankali, babu inji, babu matuƙi, yana tsaye a jihar da ta halatta masa komai, yana ihu ta lasifika.

"Purvis! Purvis, ɗan'uwana, ka zo ka ja ni!"

Purvis ya dubi yayarsa. Maxine ta gama cin kifin da ke hannunta tukuna, ta goge yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Je ka ɗauko kwale-kwalenka," ta ce. "In akwai wuri, ka taho da shi ma."

Aka jawo shi da igiya, a jiƙe, kati ɗaya manne a gadon bayansa. Yana taka ƙasa ya buɗe baki.

"Maxine, a wajen doka, in kika duba da kyau, abu uku ne..."

"Ka biya?"

"Zinariya na saya, koren gyara..."

"Orval. Ka biya?"

Ya dubi jama'a. Ya dubi Misis Oglesby, wadda ke tsaye da lema a hannu ba don rana ba.

"Na biya."

"Ba shi makulli."

Ya ciro makullin kwaɗon kwale-kwalen. Shi ma da roba ya ɗaure shi a wando, sai da Purvis ya sa haƙori.

Misis Oglesby ta matso.

"Ranar Talata ƙarfe goma, ɗakin ƙasa. Za ka rubuta wa kowace mace a cikinmu katin ban haƙuri. Da na duk wanda ya sayi kek."

"Misis Oglesby, hannuna..."

"Farin kati. Shuɗin biro. Rubutun hannunka." Ta ɗaga lemar ta taɓa masa ƙirji. "Kowane kati da ambulan ɗinsa."

Washegari Lahadi Purvis ya zo cin abinci kamar kullum, sai dai bai zagaya bayan gida ba, don babu abin shafawa. Ya ajiye wata 'yar jakar raga a gaban Orval. Cike take da cakulan nan masu siffar kwabo, naɗe da takardar zinariya.

"Ban son a ce na karɓi kaya kyauta, mijin Yaya. Ga kuɗin kwale-kwale. Ƙirga, zinariya ce zalla."

Orval ya daɗe yana hararar jakar. Can ya zaro ɗaya, ya ɓare, ya jefa a baki. Ya tauna. Ya gyara zama, ya ɗaga yatsa.

"Ka san dai da gangan na bar injin nan ya mutu ko? Da na ga dama..."

"Ci zinariyarka, Orval," in ji Maxine. "Wannan ko ba komai tana da zaƙi."